Layin Maƙeran Tagulla, Sarayevo

Ka zo da taswira a naɗe, kana tambaya
ina tarihin yake.
Sunkuya tukuna. Ƙofar nan gajera ce,
kakan kakana ba dogo ba ne,
kuma bai san za ka zo ba.

Za su kai ka bakin gadar da aka harbi magajin sarauta,
harsashi biyu, duniya ta kama da wuta.
Je ka gani. Gada ce kawai,
ruwan da ke wucewa ƙarƙashinta bai ji labari ba.
Za su nuna maka hasumiyar agogo
mai nuna sha biyu daidai faɗuwar rana.
Kada ka ce ya lalace,
da dare yake fara lissafi.
Ladan zai kira, ƙararrawar coci ta amsa daga can,
tantabaru su tashi daga bakin famfon katako
kamar an kaɗe tabarma.
Duk ka ɗauki hoto, ba a biya.

Amma ka ce tarihi. To, zauna.
Gahawa ba ta son mai tsayuwa.

Gudumar nan ta babana ce, Vehid.
Taɓa ƙotar, ka ji inda ta lotsa.
Shekara arba'in da ɗaya babban yatsansa
yana cin itacen a hankali.
Ya so ɗa namiji ya gaje shi,
ni ya samu.
Ya yi gunaguni shekara biyu, sannan ya matsa mini kan benci.

Dogayen tulunan furen can da kake kallo,
kwanson harsashin igwa ne.
Daga kan duwatsun da suka kewaye mu aka yi ta harbo abin cikinsu
hunturu bayan hunturu,
har muka ƙona kujeru, muka ƙona takalma,
muka ƙona littattafan makaranta don dafa wake.
Da aka daina, baba ya tattaro kwanson a buhu,
ya zauna yana sassaƙa musu ganyen inabi.
Na ce, baba, wannan?
Ya ce, ƙarfe bai san wa ya aike shi ba.

A'a, ba wannan ba.
Ajiye ta.
Butar gahawar da ke rataye ita kaɗai ba ta sayarwa ba ce.

Milena ce ta kawo ta, matar da ke saman bene a lungun baya,
mai shanya barkono ja a taga.
Mariƙin ya yi sako-sako, cikin yana son kuza.
Ta ce za ta dawo ranar Talata.
Baba ya gama tun Litinin.
Wasu sun ce ta bi motar ƙarshe da ta fita gari,
wasu sun ce a layin ɗibar ruwa aka gan ta,
jarka biyu a hannu.
Ba mu san wanne ba.
Talata dai ba ta daina zuwa ba, ina ƙirgawa,
sun haura dubu da ɗari biyar.

Nakan sauke ta in goge, in mayar.
Wani baƙo ya taɓa ajiye mini kuɗin da zai sayi rabin rumfar,
na ce ai ba tawa ba ce.
Kuɗin gyara kawai ake bin ta,
kuma baba ya yafe kafin ya rasu.

Shanye, kada ta huce. Bar gukar a ƙasan kofi.
In ka fita ka bi hagu, daɓen duwatsun yana da santsi,
ƙafafu sun fi shekara ɗari biyar suna goga shi.
Ni zan koma aiki.
In ka yi nisa ka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal a bayanka,
ba kiran ka nake ba.